Tarihin Ɗaukar Hoton Duwatsu da Dazuzzuka a Ƙasar Hausa

Hoton shimfiɗar ƙasa wani reshe ne na sana'ar hoto da ake mai da kyamara ga dutse, kwazazzabo, daji ko gaɓar ruwa, mutum kuwa in ya shigo ciki, ya shigo ne don a gane girman wurin. A ƙasar Hausa reshen ya haura shekara ɗari, amma yawancin tarihinsa a hannun baƙi yake, kuma kusan kowane baƙo da buƙatar da ta kawo shi: taswira, ma'adinai, yaƙi ko madatsar ruwa.

Kafin kyamara, fensir ne ya yi aikin. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa duwatsun Azbin a 1850, ya shiga Kano a 1851, sannan a 1853 ya tashi daga Katsina ya bi ta Zurmi da dajin Gundumi zuwa Wurno da Sakkwato. Abin da ya zana a hanya shi mai zane J. M. Bernatz ya gyara ya ƙawata, aka buga cikin littafin tafiyarsa a 1857 da 1858. A ciki har da Kano kamar yadda ake hango ta daga kan Dala. An riga an ƙirƙiro hoto tun 1839, sai dai kayansa na lokacin, da faranti da ruwan magani, ba su jure wata da watanni a bayan raƙumi.

A Amurka kuwa, a daidai wannan zamani, hoto ya fara tsare ƙasa. Hotunan da Carleton Watkins ya ɗauka a kwarin Yosemite a 1861 suna cikin abin da ya sa aka keɓe wurin a 1864, haka na William Henry Jackson suka taimaka aka mai da Yellowstone gandun ƙasa a 1872. Jama'a sun ga kyan wuri, suka ce a bar shi yadda yake. A nan labarin ya sha bamban, don kyamara tare da bindiga ta iso. Rundunar Faransa ta Foureau da Lamy, wadda ta keta Sahara ta biyo ta Agadas da Damagaram tsakanin 1898 da 1900, ta koma da hotunan hanya. Bayan faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, masu binciken ma'adinai suka bazu, J. D. Falconer ya fitar da littafinsa kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewa a 1911. Shi dutse a wurinsa tambaya ce: me ke ƙarƙashinsa?

Akwai waɗanda kyan ƙasar ya kama su da gaske. Angus Buchanan ya tashi daga Kano zuwa Azbin a 1920 yana tara tsuntsaye da namun daji, ya sake komawa a 1922 da mai ɗaukar majigi T. A. Glover, suka ƙetare hamada a kan raƙuma, aka nuna fim ɗin tafiyar a Ingila a 1924. Francis Rodd ma ya buga hotunan duwatsun Azbin a littafinsa na 1926. Daga nan aka koma sama. Jirgi ya fara sauka a Kano a 1925, kuma a tafiyarsa zuwa Tafkin Chadi a 1930 da 1931, matuƙin jirgi ɗan Suwizalan Walter Mittelholzer ya ɗauki Kano daga sararin sama. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hukumar safiyo ta mulkin mallaka da Birtaniya ta kafa a 1946 ta riƙa aiko jirage suna bin ƙasa layi-layi, kowane hoto yana hawa gefen na baya, daga nan ake fitar da taswira. Ba don sha'awa aka yi su ba, amma yau suna cikin shaidu mafi daraja kan inda daji ya tsaya da inda fadama ta kai.

Masu hoto na gida sun bi wata hanya dabam, kuma ba a ga laifinsu ba. Abincinsu yana wurin biki da suna, hawan salla, fasfo da katin makaranta. Wa zai biya kuɗin wankin hoton dutse? Dajin da ake gani a shagon mai hoto na labule ne, an zana masa korama da itatuwan wata ƙasa, amarya ta tsaya a gabansa. Abin lura shi ne, saɓanin malamai a kan hoton abu mai rai yake. An ruwaito Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai zane ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Wato reshen da babu jayayya a kansa shi aka fi bari. Daga baya kalanda da kan sarki da mujallu sun ɗan cike giɓin, Dutsen Zuma ya hau takardar naira 100 a 1999, masu finafinan Hausa kuma suka riƙa kai waƙoƙinsu bakin Tiga da tsaunukan Jos.

Babu inda wannan rashi na hoton ƙasa ya fi ciwo kamar yankin Janbako a Zamfara, tsakanin Maradun, Talatar Mafara da Bakura. A nan aka datse Gulbin Sakkwato da madatsar Bakolori, wadda kamfanin Italiya Impresit ya gina aka kammala a 1978, bangonta ya haura kilomita 5, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. Ruwa ya haɗiye gidaje da gonaki da maƙabartu, aka ta da dubban mutane, aka sare itatuwa aka baje filaye don noman rani. Rigimar diyya ta kai ga harbin manoma a watan Afrilun 1980. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Injiniya yana da taswirarsa ta kafin aiki da ta bayan aiki. Manomin da ya rasa kukar ƙofar gidansa da fadamar da ya gada, shi sai dai ya kwatanta wa jikoki da baki. Dubi Itacen Tenere na Nijar, ƙaya ɗaya tilo a tsakiyar hamada, da wata mota ta kayar a 1973: kututturensa yana gidan tarihi a Yamai, amma yadda ya tsaya shi kaɗai cikin rairayi, hoto ne kawai ya riƙe.

Ƙasar tana da nata sharuɗɗan ga mai kyamara. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana shafe nesa, Dutsen Kwatarkwashi ya zama inuwa kawai, launi ya mutu. Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen damina zuwa farkon kaka, sa'ad da ruwa ya wanke sama, gero ya yi kai, baƙin dutse ya fito fes a bayan koren gona. Rana tsaka tana daddale komai. Da sanyin safiya ko bayan la'asar ne haske ke zuwa ta gefe, ya fito da kowace tsaga da zanen da ruwan sama ya bari a jikin falalen dutse. Kuma dutsen ƙasar Hausa ba kango ba ne. Akwai tsohon gari a gindinsa, akwai makiyayi, akwai wurin da ba a hawa sai da izinin masu gari. Ra'ayin Turawa na dajin da babu kowa bai dace da nan ba, hoton da ya kori mutane daga cikinsa kuwa ya rage gaskiya.

A ƙarshen shekarun 1990 Ba'amurke George Steinmetz ya ɗauki hamadar Nijar daga wata lema mai inji, Najeriya kuma ta harba tauraronta na farko mai ɗaukar hoton ƙasa a 2003. Sai wayar hannu ta zo ta sa kyamara a aljihun kowa, gasar hotuna ta Wiki Loves Earth ta ba matasa wurin ajiye abin da suka ɗauka. Amma a Zamfara kayan aiki sun iso ne daidai lokacin da daji ya rufe. Dajin Sububu ya zama maɓoyar 'yan bindiga, a Maris 2021 aka hana jirage shawagi a samaniyar jihar, a Satumba aka katse layukan waya. Yaron da ya tsaya yana ɗaukar hoton tsauni yau ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen asiri, ta kowane ɓangare.

Duk da haka abin da ke kusa bai gagara ba: bakin madatsa, magudanan noman rani, kwazazzabon da ke cin gefen gari kowace damina. Mai waya ya ɗauka inda babu haɗari, ya rubuta sunan wurin kamar yadda mutanensa ke kiransa, da ranar da ya ɗauka. Wanda kuma ke da tsohon hoton kwarin Bakolori a ƙasan akwati, ya daure ya kai kwafinsa Gidan Arewa a Kaduna ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato tun gara ba ta riga shi ba.