Murzuna, ɓarauniyar zangarniya

Da an ce Kalambaina, siminti ke fara faɗo wa mutum a rai, tunda tun 1967 ake sarrafa shi a nan gefen Sakkwato. Amma da an ɗan gota masana'antar, gonakin gero ne, kuma geron yana da tsohuwar abokiyar gaba wadda sai dare ya yi take fitowa.

Wani ɗan malam-buɗe-littafi ne na dare, mai launin ƙasa-ƙasa, wanda masana ke kira Heliocheilus albipunctella. Tsutsarsa ce Hausawan Maraɗi ke kira murzuna. Macen tana zuba ƙwai a kan zangarniya daidai lokacin da gero ya fara fitar da kai. Tsutsar na ƙyanƙyashewa sai ta kutsa ƙarƙashin bununi, tana datsewa tana zagayawa, har a ga zane ya murɗe zangarniyar kamar an naɗa mata igiya. Daga nesa gona ta yi kyau, sai manomi ya murza da hannu ya ji wayam. In ta ƙoshi sai ta sauko ta shige ƙasa, ta kwashe rani cur a can, ba ta fitowa da fukafukai sai kamar wata guda bayan ruwan farko.

Kakanni sun zauna da ita ba ta hana su barci ba. Farin 1972 zuwa 1974 ne ya mai da ta annoba, tun daga Senegal har Nijar da arewacin Nijeriya. Maiwa takan sha, don kafin ta fitar da kai uwar ƙwan ta gama shawagi. Gero mai saurin nuna, wanda shi ne rufin asirin talaka in damina ta gajarta, shi ke faɗawa bakinta.

Feshi bai yi wani abin a zo a gani ba: ga tsada, ga tsutsa a ɓoye. Dabarar da ta ci ta fito ne daga masu bincike na Nijar, Burkina Faso da Mali, ciki har da na cibiyar INRAN ta Maraɗi. Daga 2006 suka shiga kiwon wani ɗan mitsitsin zanzaro, Habrobracon hebetor, mai harbin tsutsar ya shanye mata jiki, ya sa ƙwansa a kanta. A ɗan buhun algarara ake zuba tsabar gero da tsutsotsin da zai hayayyafa a kansu, a rataya a reshen itace ko jikin rumbu. Bayan 'yan kwanaki sai 'ya'yan zanzaron su sulale ta ƙofofin saƙar buhun, su nufi gona.