Tsohon Gida Da Sabon Aiki: Daga Gidan Makama Zuwa Gyaɗi-Gyaɗi

Duk wanda ya san Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni shekaru arba'in da suka wuce, idan ya yi doguwar tafiya ya dawo yau, sai ya nemi ɗan jagora kafin ya gane ƙofar gidan da ya saba sallama. Inda ya bar zaure zai tarar da kantin magani, inda ya bar dakali da bishiyar darbejiya zai tarar da bene mai gilashi, an jera allunan ofisoshi tun daga ƙasa har sama. Mu da muke zaune a cikin abin ba mu cika lura ba, domin kuwa gida ɗaya-ɗaya ake yi, yau na wannan lungu, baɗi na wancan.

Mayar da tsohon gini wurin wani sabon aiki ba baƙon abu ba ne a Kano, kuma kafin mu yi hukunci a kan abin da ke faruwa a waɗannan unguwanni ya kamata mu waiwayi yadda aka yi shi a baya.

Babban misali shi ne Gidan Makama. Masana tarihi sun danganta asalinsa da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, an ce a nan ya zauna kafin ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa. Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sai suka yi amfani da gidan a matsayin wurin gudanar da mulki na ɗan lokaci. Daga baya aka karkasa shi: wani sashe ya zama makaranta, wani ya zama gidan adana kayan tarihi wanda ke ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Wato ke nan gidan ya sauya aiki ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma zaurukansa suna nan a tsaye da ɗaurin gugansu.

Na biyu ya fi kusa da mu, domin a maƙwabtanmu yake, a Nasarawa. Wannan shi ne Gidan Ɗan Hausa. Hanns Vischer, haifaffen ƙasar Suwizalan da ya shiga aikin Ingilishi, wanda ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, shi ne ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa a wannan wuri cikin 1909. Saboda iya Hausarsa aka laƙaba masa Ɗan Hausa. Abin lura shi ne bai nemi a yi masa gidan dutse irin na ƙasarsu ba. Ya zauna a gidan ƙasa wanda maginan Kano suka gyara masa, da zankwayensa da zanen da ke jikin bango. Bayan zamanin Turawa gidan ya koma hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, ya zama wurin aiki da ajiyar kayan tarihi. Haka nan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano da ya rasu a 1983. Ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero a shekara ta 2000, aka yi ofisoshi da ɗakunan taro a kewaye, aka bar ɗakunan Malam da kabarinsa. A Kaduna ma gidan Sardauna ya zama Arewa House tun 1970, a Katsina kuma tsohuwar kwalejin horon malamai, ginin ƙasa, ta zama gidan tarihi.

To, me ya haɗa waɗannan gine-gine? Kowannensu ya samu mai shiga da fita kullum, da wanda alhakin yaɓe ke wuyansa. A nan maganar take, domin ginin ƙasa kamar dabba yake, sai da kiwo. Maginanmu na da suna kwaɓa ƙasa da ciyawa su bar ta ta ruɓa, su mulmula tubali da hannu su shanya, sa'an nan su ɗora bango mai kauri daga ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Rufi kuwa da azara ake yi, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cin ta. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar ƙafa shida, shi ya sa idan ana son babban soro sai a yi ɗaurin guga, a riƙa ɗora azara kan azara ana lanƙwasowa daga kowane ɓangare har su haɗu a tsakiya. Daga waje a shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina. Duk wannan hikima tana da sharaɗi guda: kafin kowace damina sai an duba rufi, an toshe tsaga, an gyara indararo. Gidan da aka rufe aka tafi, damina uku ko huɗu ta ishe shi.

Wannan ne ya sa a ganinmu masu cewa kada a taɓa tsohon gini ko kaɗan, a kulle shi don girmamawa, ba su yi masa gata ba. Amma akwai wata gatar da ta fi wannan illa, ita ce ta siminti. Mutum zai ga bangon ƙasa yana zaizayewa, sai ya sa a yi masa filasta don ya huta da yaɓe. Siminti ba ya barin bango ya yi numfashi. Danshi ya taso daga ƙasa ya rasa hanyar fita, ƙasar ciki ta jiƙe ta saki, daga waje kuwa bango sumul. Ranar da zai faɗi ba ya sallama.

Yanzu mu dawo Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. Waɗannan wurare ƙauyuka ne da gonaki a bayan badala, kamar Hotoro da Darmanawa da Daurawa da Unguwa Uku. Birni ne ya miƙo ƙafa ya same su. Da aka ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, ma'aikata da 'yan kasuwa suka yawaita, cikin gari ya yi kaɗan, aka shiga yanka filaye ta hanyar Zariya da hanyar Maiduguri. Kuɗin mai na shekarun 1970 ya ƙara wa abin wuta. Sai aka samu gine-gine iri biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa: tsofaffin gidajen ƙasa na mutanen asali, masu zaure da shigifa da rijiya a tsakar gida, da kuma gidajen bulo na ma'aikatan farko, marasa bene, masu baranda da fili a gaba, irin waɗanda aka yi a rukunin gidajen Kundila. A 1996 Tarauni ta zama ƙaramar hukuma mai zaman kanta, har Gyaɗi-Gyaɗi ta kasu mazaɓu biyu, ta Arewa da ta Kudu.

Abin da ya fi sauya fuskar Gyaɗi-Gyaɗi shi ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ya tare a mazauninsa na hanyar Zariya cikin shekarun 1990. Inda babban asibiti ya sauka, kantunan magani da ɗakunan gwajin jini da na hoto da ƙananan asibitoci sai su biyo shi, kuma dukkansu ɗaki suke nema a bakin titi. Ta ɓangaren titin Gidan Zu kuma, masu shirya finafinan Hausa suka cika benaye da ofisoshi, abin da marubuta da yawa daga cikinmu suka sani sarai, tun da can aka riƙa kai labari. A Tarauni, Farm Centre da aka yi don aikin gona ta zama kasuwar wayar hannu, sunan kaɗai ya rage. Da haka kuɗin hayar shago ya ninka na ɗakin kwana, lissafin mai gida ya sauya.

Yadda abin ke tafiya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Da fari a fasa zaure a yi masa ƙofa ta waje, ya zama shago. Sai ɗakin samari ya bi. Idan mai gida ya rasu aka zo rabon gado, magada goma sha biyu ba za su iya raba ɗakuna shida ba, dole a yi wa gida kuɗi. Dillali ya kawo mai saye, shi kuwa mai saye fili ya saya, ginin da ke kai a wurinsa ɗawainiya ce. Cikin mako guda an baje, bayan shekara an ɗora filaza. Ba ma ganin laifin magada, hakkinsu ne kuma shari'a ce ta ba su. Amma mu kira abin da sunansa. Abin da aka yi wa Gidan Ɗan Hausa sauya aiki ne, wannan kuwa rushewa ce. Mun ga irinsa a Kantin Kwari, inda gidajen 'yan kasuwa Kwarori, masu kanti a ƙasa da wurin kwana a sama, suka ɓace ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin benayen 'yan atamfa.

Gidajen bulo na shekarun 1970 sun fi sa'a kaɗan. Da yake suna da fili da ɗakuna a jere, makarantu masu zaman kansu da asibitoci da ofisoshin lauyoyi kan shige su yadda suke, a mayar da falo wurin jira, kicin ya zama ɗakin ajiya. Ba wanda ke kallon su a matsayin kayan tarihi, alhali su ne shaidar yadda ma'aikatan farko na jihar nan suka fita daga gidan gandu suka koma zaman miji da mata da 'ya'ya. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tana kare ginin da aka ayyana ne kawai, gidan talaka a lungun Tarauni kuwa wa zai ayyana shi? Ko waɗanda ke da suna ba su tsira ba: a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti. Zariya ta bi wata hanya da masallacin Juma'ar da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu. A shekarun 1970 aka gina sabon masallaci aka lulluɓe wani sashe na tsohon a cikinsa. Masana sun yi ta sukar aikin, amma ɗaurin gugan Babban Gwani yana nan ana salla a ƙarƙashinsa.

Mu marubuta akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Littattafan soyayyar da suka fito daga Kano tun ƙarshen shekarun 1980 cike suke da zaure da soro: nan saurayi ke tsayawa ya aika yaro, nan ake shimfiɗa tabarma, nan uba ke gyaran murya idan dare ya yi. Yaron da ya tashi a gidan haya na sama a Court Road, idan ya karanta wannan sai an yi masa bayani.

Idan an rushe tsohon gida, ba duka ke tafiya juji ba. Azarar da ke rufin akan zare ta a jingine gefe, domin tana da masu saye, sau da yawa ta fi sabuwa ƙwari. Ƙasar bangon ma akan kwashe ta a mota, a kai wani wuri a cike kududdufi a yi sabon fuloti.