Tauraronmu a Sama, Gonarmu a Gagarawa



A 1999 Najeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA. A watan Satumba na 2003 aka harba tauraron ɗan'adam ɗinmu na farko, NigeriaSat-1, daga Plesetsk a Rasha. A Ingila aka ƙera shi, kan kuɗi kimanin dala miliyan 13. Tun a lokacin masu suka ke tambaya: ƙasar da ƙauyukanta ke neman rijiya, me ya kai ta sama?

Masu goyon baya suna da hujja. Tauraron ya ɗauki hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005, an kuma horar da injiniyoyinmu har suka haɗa NigeriaSat-X, wanda aka harba a 2011. Masu suka ma ba su rasa tasu ba. NigComSat-1 na sadarwa, da aka harba daga Sin a Mayun 2007 da niyyar ya yi shekara 15, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda faifansa na hasken rana ya lalace. Sai a Disamban 2011 aka maye gurbinsa.

To, mu auna wannan tarihi da ma'aunin Gagarawa. Dattawan ƙasar Gumel ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. Hoton tauraro yana iya nuna inda hamada ke cin gona a Maigatari da Sule Tankarkar, da inda ciyawa ta ƙare wa makiyaya, da inda gero ya fara ƙishirwa tun kafin yunwa ta shigo gari. Wannan amfani ne na gaske. Amma hoton da ya kwanta a kwamfutar ofis a Abuja bai ceci damin kowa ba. Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.

Matsayinmu shi ne kuɗin ya halatta, da sharaɗi: bayanin ya sauko, ta bakin malamin gona da rediyo, cikin harshen da mai noman riɗi yake ji. A nan aikin ya zo kanmu. In ba mu rubuta wannan ilimi da Hausa mai sauƙi ba, manomi ba zai san abin da aka saya da dukiyarsa ba, balle ya tambayi ina rabonsa.