Hoton Mai Fasaha a Ɗakin Aikinsa: Nazari a kan Ayyukan Newman da Namuth da Ogden

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci hotunan da ake ɗaukar masu fasaha a wuraren aikinsu, domin tantance matsayinsu a wajen mai binciken tarihin fasaha. An zaɓi ayyuka uku daga Amurka da Ingila, tsakanin 1946 da 1998, an kuma bi diddigin yadda aka samar da kowannensu. Binciken ya gano cewa irin waɗannan hotuna aikin haɗin gwiwa ne, kuma hannun mai kyamara a cikinsu ya fi yadda mai kallo ke zato.

Fitilun kalmomi: hoto, mai zane, ɗakin aiki, shaidar tarihi

1.0 Gabatarwa

Tun tsakiyar ƙarni na 20 mujallu da littattafai suka rungumi al'adar nuna mai fasaha a tsakiyar kayan aikinsa. Brassaï ya ɗauki sassaƙe-sassaƙen Picasso a 1932, Cartier-Bresson ya ɗauki Matisse a Vence a 1944, Alexander Liberman kuma ya fitar da littafi guda a kan ɗakunan masu zane a 1960. Masu karatu kan karɓi hotunan nan bisa ƙa'idar gani ya kori ji. Tambayar binciken ita ce: shin abin da aka gani haka yake kafin isowar kyamara?

2.0 Dabarun Bincike

An auna kowane aiki da ma'aunai uku: wanda ya zaɓi wurin, wanda ya tsara abin da ya shiga hoton, da tasirin hoton a kan yadda aka fahimci mai fasahar daga baya.

3.0 Arnold Newman da Stravinsky (1946)

Newman ne ya fi shahara da salon ɗaukar mutum a muhallin sana'arsa. A hotonsa na Igor Stravinsky, mai tsara kiɗa, murfin fiyano ya cinye kusan dukan fili, siffarsa ta yi kama da alamar rubutun kiɗa, shi kuwa Stravinsky yana can kusurwar hagu ta ƙasa ya tallafe kai. Abin lura shi ne, a lokacin gidan Stravinsky yana Los Angeles, hoton kuwa a Niyok aka ɗauke shi. Haka kuma Newman ya datse gefen ainihin hoton sosai kafin ya sami wannan tsari. Mujallar Harper's Bazaar da ta ba da aikin ma ƙin buga shi ta yi. Ashe muhallin da ake gani ƙirƙirar mai ɗaukar hoto ce, an gina ta ne don ta fassara sana'ar mutumin.

4.0 Hans Namuth da Pollock (1950)

A nan ɗakin na gaske ne: tsohon sito a ƙauyen Springs da ke tsibirin Long Island, inda Jackson Pollock ke shimfiɗa ƙyallen zane a ƙasa, yana zagaya shi yana tsiyayar da fenti daga sanda ko busasshen buroshi. Namuth ya ɗauki hotuna sama da 500, mujallar ARTnews ta buga wasu a 1951. Jikin Pollock ya fito dishi-dishi saboda motsi, hakan ya karkatar da hankalin masu sharhi daga zanen zuwa yadda ake yin sa. A 1952 mai sharhin fasaha Harold Rosenberg ya wallafa maƙalarsa da ta bayyana zanen Amurkawa na wannan zamani a matsayin aikin motsin jiki, hotunan Namuth kuma suka zama hujjar da ake kafawa da ita.

Da Namuth ya koma ɗaukar fim, sai lamarin ya sauya. An fitar da Pollock fili saboda haske, aka kuma sa shi ya yi zane a kan gilashi domin kyamara ta hango shi daga ƙasa. Mutumin da ya saba aiki shi kaɗai ya koma tsayawa da ci gaba bisa umarni. Marubuta tarihin rayuwar Pollock sun ruwaito cewa ranar da aka kammala ɗaukar, a watan Nuwamba na 1950, ya koma shan giya bayan kimanin shekara biyu da dainawa. Kyamarar da ta zo shaida ta shiga cikin aikin, har ta taɓa mai aikin.

5.0 Perry Ogden da Ɗakin Bacon (1998)

Mai zane Francis Bacon ya yi aiki a gida mai lamba 7, Reece Mews, a Landan daga 1961 har mutuwarsa a 1992. Ogden ya ɗauki ɗakin bayan shekara shida, babu mai shi: tarin jaridu, gwangwanayen fenti, yagaggun zane-zane, da bangon da Bacon ke gwada launi a jikinsa. Daga nan masu tono kayan tarihi suka lissafa abubuwa sama da 7,000, aka kwashe su zuwa gidan adana zane na Hugh Lane a Dublin, aka buɗe wa jama'a a 2001. Cikin tarkacen akwai hotunan da John Deakin ya ɗauka, sun cukurkuɗe sun sha fenti, waɗanda Bacon ke kallo yana zana abokansa. Wannan aiki ya fi sauran kusa da shaida tsantsa, amma ɗaki ne da aiki ya tsaya a cikinsa.

6.0 Kammalawa

Ayyukan uku sun nuna matakai uku na sa hannun mai kyamara: Newman ya gina muhalli, Namuth ya sauya tafiyar aiki, Ogden ya tarar da wuri babu mai shi. Don haka bai kamata manazarci ya kafa hujja da irin wannan hoto ba sai ya san wanda ya ba da aikin, da inda aka ɗauka, da abin da aka datse. Maƙalar na ba da shawarar gidajen adana tarihi su riƙa ajiye sauran hotunan da aka ɗauka tare da wanda aka buga, domin a cikinsu ake gane zaɓin da aka yi.