Tsaraba

tsaraba (suna, mace): abin da matafiyi ke riƙo wa iyali, dangi da abokai in ya dawo gida. Ba kowace kyauta ce tsaraba ba, sai an yi tafiya. Mutumin ƙauye da ya shigo Kaduna ba ya nufar tasha sai ya ratsa Babbar Kasuwa, wadda yanzu ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi: turmin atamfa na uwargida, burodi da alawa na yaran da za su tarbe shi da oyoyo. Wasu na cewa ɗora wa kai nauyi ne cikin tsadar nan. Amma ba da kuɗi ake auna ta ba. Goro biyar a ƙulle ya isa ya shaida wa tsohuwa ɗanta bai manta da ita a birni ba.