Gadar Blenheim: Abin da Ruwa Ya Ci da Abin da Aka Maido

Ba don ƙawa maginan karkarar Amurka na ƙarni na 19 suka riƙa yi wa gadojin katako jinka da bango ba. Katakon da ruwa da rana ke duka yakan ruɓe cikin shekara 10 zuwa 20, tun daga mahaɗarsa inda danshi ke kwana. Wanda aka rufe kuwa yakan haura shekara 100.

Gadar Blenheim da ke kan rafin Schoharie a jihar New York ta tabbatar da haka. Nicholas Powers, wani kafinta daga Vermont, ya gina ta a 1855 da layi biyu na kekunan doki. Tsakanin ginshiƙanta biyu ƙafa 210 ne, babu tokari ko ɗaya a cikin ruwa. Wani ƙaton baka na katako da ke bin bangon tsakiya, tare da sandunan da aka gicciya, su suka ɗauki nauyin. Da aka kafa gadar ƙarfe a gefenta a farkon shekarun 1930, hukumar gundumar ta ƙi rushe gadar katakon, kuma a 1964 gadar ta shiga jerin manyan wuraren tarihi na ƙasa. Ranar 28 ga Agusta 2011 ambaliyar da guguwar Irene ta haddasa ta yi awon gaba da ita, tana da shekara 156.

A nan masana suka rabu. A 2015 gwamnatin tarayya ta cire sunanta daga jerin, bisa hujjar cewa abin da aka karrama ya tafi. Duk da haka an kashe kimanin dala miliyan 6.7, mafi yawa daga hukumar agajin gaggawa ta FEMA, aka kammala sabuwa a 2018, aka kuma ɗaga ta fiye da ƙafa 10 sama da inda tsohuwar take.

Ra'ayina shi ne duka matakan biyu daidai ne. Sabuwar gada ba ta Powers ba ce, kuma duk wanda ya kira ta haka ya yaudari ɗalibin tarihi: sawun gizago da tsufan itace ba a sake ƙera su. Amma masu cewa asarar kuɗi aka yi sun manta wani abu. Zanen da aka ajiye a takarda ba ya koya wa hannu yadda ake sassaƙa mahaɗa ta zauna daram, sai an kama aikin gadan-gadan. Daga dubban irin waɗannan gadoji, waɗanda suka rage a Amurka ba su kai 1,000 ba, kuma kowacce tana buƙatar kafintan da ya san wannan sana'a. Aikin Blenheim ya tara irin waɗannan hannuwa a wuri ɗaya.

Saboda haka ina kira ga masu kula da ita su rubuta shekarun biyu, 1855 da 2018, a bakin gadar, ƙarara, inda kowane baƙo zai gani.