Tarihin da Ke Kwance a Ƙarƙashin Jigawa

Ranar da aka fara fita da mu fili muna ɗaliban labarin ƙasa, malaminmu ya tsayar da mota a hanyar Maiduguri zuwa Bama, ya sa muka hau wani dogon tudun yashi. Sai ya ce, "Nan da kuke tsaye bakin ruwa ne." Haka kuwa yake. Tudun Bama tsohuwar gaɓar Tafkin Chadi ce, kimanin shekara 7,000 da suka wuce, lokacin da tafkin ya yi cikar da ba mu taɓa ganin irinta ba. Tun ranar na daina kallon tudu a matsayin tarin ƙasa kawai.

Da gardama wannan fanni ya kafu a ƙasarmu. A 1935 wani Bature masanin gandun daji, Stebbing, ya yi shelar cewa Sahara na tunkaro Arewa. Kwamitin haɗin gwiwar Ingila da Faransa ya zagaya kan iyaka a 1936 zuwa 1937, bai ga abin da ya kai haka ba. Sai a 1958 wani masani, A. T. Grove, ya nuna cewa jigayin da ake noma gero da gyaɗa a kansu a ƙasar Hausa tuddan rairayin wata tsohuwar hamada ne, wadda ta zo ta kuma janye tun kafin a kafa Kano. Ashe hamada zuwa take ta koma, ko da yake gatari da yawan kiwo na iya tayar da yashin da ya daɗe a kwance.

A 1987 kuma wani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna, cikin Yobe ta yau, ya ci karo da kwalekwale mai shekara kusan 8,000, wata shaidar cewa ruwa ma zuwa yake ya koma.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kusan duk wannan da Turanci muka rubuta shi, muka adana a mujallun da manomi ba zai taɓa gani ba. Alhali shi ya koya mana bambancin jigawa da fako da fadama. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana sauraron manoma bayan farin 1973, kuma aikinsa ya nuna amfanin hakan.

Abokan aiki, mu shiga gidajen rediyo da makarantu, mu mayar wa mutane labarin ƙasarsu da harshen da suke ji.